Afuwar da Anselmo Ya Sa Aka Ɓoye

Anselmo Prieto Garrote direba ne a wani ƙaramin gari kusa da Zamora. Shekara talatin yana jan motar madara, bai taɓa take ko kaza ba. Ba shi da yawan magana. In ya shiga shagon gahawa, gaisuwarsa ɗaga gira ce.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu, ranar bikin gari, ya naushi wani saurayi ya karya masa muƙamuƙi. Aka yanke masa shekara uku. Mahaifiyarsa ta bi gida-gida tana tara sa hannun jama'a. Bayan wata takwas gwamnati ta yi masa afuwa, ta buga a jaridar hukuma da cikakken sunansa: nasa, na gidan uba, na gidan uwa, yadda ake rubuta kowa. Gari ya manta, ko ya yi kamar ya manta.

Da kamfanin madara ya rufe, Anselmo ya nemi jan motar 'yan makaranta. Kwamitin iyaye ne zai zaɓa, ƙarshen Agusta. Wata rana matarsa Remedios ta rubuta sunayensa uku a shafin binciken intanet a wayarta.

"Selmo, zo ka ga kanka. Ashe na auri sananne."

Afuwar ce a sama, da laifin a jikinta, kamar jiya aka yi.

Doka ta ba mutum damar neman kamfanin binciken intanet ya raba sunansa da tsohon labarin da ya daina amfanar kowa. Anselmo ya cike takarda, ya nuna shafin afuwar. Bayan mako shida aka amsa: an cire. Ranar har cukun tumaki ya sayo.

Remedios ta gwada sunaye uku, babu komai. Sai ta rubuta biyu kawai, Anselmo Prieto, yadda gari ke kiransa. Tsohuwar jaridar lardi ta fito, wadda ba ta damu da sunan gidan uwa ba, shi ya sa ba su taɓa cin karo da ita ba: an ɗaure shi shekara uku. A nan labarin ya tsaya.

"Sannu, gwani," in ji ta. "Ka share yafiyar, ka bar laifin."

"Sai in cike wata takardar."

"Mako shida? Jibi za su zauna, tsoho."

Anselmo ya sauko da gwangwanin biskit na marigayiya mahaifiyarsa, inda ta adana shafin afuwar da kwafin sunayen da ta tara.

Ranar zaman ya sa rigar zuwa coci ya tafi. Shugabar kwamitin, Nuria Sastre, ta ɗago kai.

"Malam Anselmo, ai ba mu kira masu neman aikin ba."

"Na sani, 'yata. Abin da za ku gani a waya gaskiya ne, amma rabi ne. Ɗaya rabin ni na sa aka ɓoye. Ga shi."

Ta karanta afuwar, ta shiga bin sunayen da yatsa. A na farko yatsan ya tsaya, ya daɗe. Hilario Sastre, mahaifinta.

"Baba ce mana ya yi daga kan alfadari ya faɗo," ta ce a hankali.

"Ni ne alfadarin. Shi ya fara sa hannu, bakinsa a ɗaure."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta. Nuria ta ninke takardun yadda ta same su, ta miƙa masa da hannu biyu.

Tun daga Satumbar nan shi ke kwasar yaran, ƙarfe takwas saura kwata. Takarda ta biyu tana kan firiji, Remedios ta ɗora mata kwanon lemo. Bai cike ta ba tukuna, ita ma ba ta tuna masa ba.