Kafintan da Ya Jira Kofi

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu katako ya san shagon Kafinta, na ƙarshe kafin a sha kwana, inda ƙamshin sabon katako ke tarar mutum tun daga bakin titi. Siririn mutum ne, fensir ba ya rabuwa da bayan kunnensa ko a wurin gaisuwar rasuwa. A makarantar mishan ya koyi sana'ar, a zamanin da in ƙafar teburi ɗaya ta yi rawa sai a sa yaro ya kwance shi kaf ya sake haɗawa. Shi ya sa har yau in ya shiga gidan mutane, sai ya girgiza kujera tukuna ya gaisa.

Ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya zaman hirar banza. Ciwonsa ɗaya ne a duniya: yana son kofin gasa a cikin falonsa, mai hannu biyu, mai ƙyalli, wanda jininsa ya ciwo da ƙafarsa. Ciwon ya kama shi tun yana ɗan makaranta. Ranar wasanni, shi ake sa wa ya ɗauko teburin da ake ɗora kofi, tunda ɗan ajin kafintoci ne, amma a ja masa kunne kada yatsansa ya taɓa kofin. Shi kuwa gudu ba nasa ba ne. In ya zabura, kaza ma ba ta ɗaukar abin da gaske.

Da ya yi aure ya sa rai ga 'ya'yansa maza. Suka taso suna matuƙar ƙaunar wasanni, amma daga zaune, a gaban talabijin. Har ya fara fid da rai, sai wata rana wani mai sayen kujera ya manta hularsa a shago ya hau keke ya tafi. Kafinta ya miƙa wa autarsa hular, yarinya 'yar firamare, ya ce ta gwada ko za ta same shi. Kafin ya gama buga ƙusar da ke hannunsa ta dawo, ko haki ba ta yi.

"Kin same shi?"

"Na same shi, Baba. Har na wuce shi, sai da na tsaya na jira."

A makon nan ya ajiye aikin mutane ya haɗa kabad. Ya yi shi da katakon da ya daɗe yana ɓoyo, ya sa masa ƙofar gilashi, ya shimfiɗa jan ƙyalle a kowane hawa, ya kafa shi a falo daidai inda baƙo zai fara gani. Matarsa ta zagaya kabad ɗin ta yaba.

"Malam, ka bar ni in zuba tangaran ɗina a ciki kafin kofin ya iso."

"Ba masaukin baƙi na gina ba," in ji shi. Ya kulle, ya sa makullin a aljihu.

Daga nan horo ya fara. Kullum da sassafe yarinya na gaba, uba na biye a kan keke da usur a baki. Duk abin da ya ji a rediyo sai ya gwada a kanta. Wani mako a ce ta sha ruwa da yawa, wani mako a ce ruwa ke sa nauyi. Maƙwabta suka samu abin taunawa. Wanda ya fi kowa shi ne Tela, mai shagon da ke jikin nasa, abokin tsokanarsa tun suna samari.

"Kafinta, wa zai auri yarinyar da ba zai iya kamowa ba?"

"Ba dai ɗanka ba. Shi ko kunkuru sai ya ba shi rata."

Gasar farko ta makarantun unguwa, ta zo ta huɗu. Kafinta ya ce ba laifi, farawa ce. Aka je ta gari gaba ɗaya, ta zo ta huɗu. Aka ɗauke su a mota zuwa babbar gasa, inda 'yan mata dogaye kamar falwaya suka hallara, nan ma ta zo ta huɗu. Abin da ya ɗaure wa kowa kai ke nan: a haɗa ta da gwanaye, ta huɗu, a haɗa ta da ragwaye, ta huɗu. Ba a daɗe ba sunanta na yanka ya ɓace. Har uwarta in za ta aike ta sai ta ce, "Ta-Huɗu, zo ki sayo mini gishiri."

Abin da ya fi ci wa Kafinta rai shi ne dandamalin da ake hawa a karɓi kyauta a filin garin, shi ya haɗa shi da hannunsa. Matakala uku ne, ko ɗaya ba ta rawa. Shekara da shekaru 'ya'yan wasu ke hawa aikinsa, tasa 'yar tana tsaye a ƙasa tana tafa musu. Har ya taɓa samun shugaban kwamitin wasanni, wani ƙaton mutum da bai taɓa gudu ba sai in an kira cin abinci, ya ce masa dandamalin ya tsufa, zai sake shi kyauta, kuma masana sun ce mai matakala huɗu ya fi tsayuwa daidai. Shugaba ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce a gaishe da yarinya.

Ita kuwa Ta-Huɗu abin bai taɓa hana ta barci ba. Sau ɗaya ta yi kuka, a gasar farko, washegari ta tashi ta ɗaura takalmi. Wata rana suna dawowa daga fili, uban yana tura keke fuska a murtuke, ta ce:

"Baba, ka lura da ta biyun nan? Da hannu ɗaya take gudu."

"Ɗayan fa?"

"Tana riƙe da wando. Zariyar ba ta kama ta. Ta ukun kuma ɗankwalinta sau biyu yana zamewa. Ta ɗayan rigar yayanta ce, hammata na cin ta."

"Gudu na aike ki ko kallon kaya?"

"To Baba, na gaba fili kawai take gani. Ni kuwa bayan mutum uku nake kallo tun ina firamare. Dole in san abin da ke damunsu."

 Daga nan aka fara ganinta da yamma a shagon Tela, tana share masa ƙyallaye, shi kuma yana barinta ta hau keken ɗinki in ya fita. Ta ɗinka wa kanta wando mai roba wanda ba ya zamewa, da riga mai rufe jiki amma ba ta kama hammata, da ɗankwali mai zama daram ko an yi tsalle. A gasa ta gaba 'yan mata suka yanyame ta, kowa na taɓa yadin. Ta karɓi awonsu a nan bakin fili. Da zagayowar shekara, ukun da ke gabanta duk kayanta ne a jikinsu. Hannu biyu suka samu na gudu, suka ƙara ba ta rata.

Ranar Kafinta bai ci abincin dare ba.

"Ni ina nan ina busa usur har haƙorina na ciwo, ke kina can kina ɗinka wa abokan gaba fuka-fuki!"

"Ba abokan gaba ba ne, Baba. Masu sayen kaya ne."

Ya wuce shagon Tela ya kira shi maci amana. Tela bai ɗaga ƙafa daga kan keke ba, ya ce, "Ni dai ɗalibata tana zuwa ta ɗaya. Kai fa?"

Haka sana'a ta kankama. Ta kama ɗan shago kusa da filin wasa, ta ɗauki tsofaffin 'yan tsere mata aiki, waɗanda suka san tashin sassafe kuma ba a faɗa musu magana sau biyu. Kafin sauran masu shaguna su nemo makullansu, nata a share yake. Wata babbar makaranta ta taɓa ƙwace aikin da ta yi mata alkawari ta bai wa wani. Uwar ta zata za a yi makoki. Ta-Huɗu ta je ta taya mutumin murna, ta tsaya ta ƙare wa ɗinkinsa kallo ta baya, shekara ta gaba aikin ya dawo hannunta. Iyayen da a da ke cewa gudu na lalata 'ya mace suka shiga turo nasu fili, suna tambayar zagaye nawa ake yi kafin a buɗe shago.

Sai makarantu suka fara tambaya ko tana sayar da kofunan gasa, tunda komai na wasa a wurinta ake samu. Ta ce za a samu. Shagon ya yi kaɗan, aka rasa wurin ajiya sai falon gida. Kafinta ya dawo aiki ya tarar da kwalaye jere har kusa da rufi, cike da kofuna manya da ƙanana, kabad ɗinsa na tsakiya wayam, yana ƙyalli.

"Malam," in ji matarsa, "ka ɗauki ɗaya mana ka sa, ka huta, mu ma mu huta. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Ya koma cin abinci a tsakar gida don kada ya riƙa ganinsu.

Ana haka Ta-Huɗu ta same shi a shago ta durƙusa, ta ce gudu ya ishe ta, aiki ya yi yawa, gwiwa ma ta fara magana. Kwamiti kuma ya roƙe ta ta ɗauki nauyin gasar bana, ita za ta ba da babban kofi. Kafinta ya ajiye zarto.

"Uwata," ya ce, don haka yake kiranta in yana neman alfarma, "sau ɗaya ya rage. Ki shiga wannan. Kofinki ne, a falona ya kwana. Ki fitar da shi ta ƙofa, ki dawo mini da shi ta ƙofa."

Ta dube shi, ga furfura ta cinye gemu. Ta ce to.

Ranar gasa fili ya cika. Aka busa, aka zabura. Zagayen farko tana ta huɗu, mutane suka ce an saba. Ana shiga na ƙarshe ta wuce ta uku. Ta wuce ta biyu. Kafinta ya haye benci, abin da yake zagin wasu in sun yi, yana ihu ba a jin me yake faɗa. A kwanar ƙarshe ta manne wa ta gaba, wata siririyar 'yar makaranta, har numfashinta na taɓa wuyan yarinyar. Sai aka ga kanta ya karkata gefe. Ta ƙura wa hammatar yarinyar ido, tana biye da ita a hankali kamar mai karanta jarida. Mutum biyu suka wuce ta fiu. Ta zo ta huɗu.

Ta iso wurin uban tana haki.

"Baba, ka ga rigar yarinyar nan? Ɗinkin shagona ne, kuma yana buɗewa. Zaren nan da aka kawo mana ba shi da kyau. Gobe zan mayar musu da shi."

Kafinta ya sauko daga benci ya zauna daɓas.

Shugaban kwamiti ya karɓi lasifika. Ya yi dogon bayani a kan yadda bincike ya tabbatar wasanni ke ƙera 'yan kasuwa mata. Ya ce a cikin taron nan akwai uba mai hangen nesa, wanda da gangan ya hana 'yarsa cin kofi don ta koyi juriya, kuma shi da kansa ya sha ba shi shawara a kan haka. Tunda mai ba da kofi ta shiga tsere, wa ya fi cancanta ya miƙa shi in ba wannan uba ba? Aka ɗauki tafi. Tela ya tura shi gaba.

Aka ɗora masa kofin a hannu. Ya fi yadda ya zata nauyi, ga sanyi. Yarinyar da ta ci tana saman dandamali, ta sunkuyo ta kama hannu ɗaya na kofin. Kafinta bai saki ba. Ta ɗan ja. Ya ɗan ja. Mai hoto ya ɗauka, ya sake ɗauka, ya sauke na'urarsa. Tafi ya fara mutuwa, dariya ta fara tashi daga bayan fili. Yarinyar ta dubi shugaba, shugaba ya dubi sama.

Ta-Huɗu ta matso, tawul a wuya, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, babanta na can yana kallo. Wancan mai tsohuwar hular, wanda ya kasa zama."

Kafinta ya waiga. Can bakin igiya wani mutum ne tsaye a kan yatsun ƙafa, ya miƙo wuya, hannuwansa biyu a buɗe kamar shi za a miƙa wa. Kafinta ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya saki yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Yarinyar ta diro ta ruga wajen ubanta, tana kaɗa kofin da hannu ɗaya. Kafinta ya bi bayanta da ɗan gudunsa na kaza, mutane na darewa suna ba shi hanya.

"Ke yarinya! Da hannu biyu ake riƙewa! Hannu biyu na ce!"