Korayen Riguna Arba'in

Shekara goma sha ɗaya ina Guangzhou ina yi wa mutane dillancin tufafi, amma ban taɓa karɓar aiki irin na wata Ba'amurkiya da na haɗu da ita a baje kolin Pazhou ba. Rigunan soja take so na zamanin da, masu dogon baya da maɓallan tagulla. Wai a garinsu duk shekara ana wasan kwaikwayon yaƙin da kakanninsu suka yi da Ingila don neman 'yanci. Ta ce a ɗinka jajaye, a ɗinka shuɗɗa, sai koraye arba'in. Jajayen na gane na sojan sarkin Ingila ne, shuɗɗan na 'yan ƙasa. Korayen kuwa na ɗauka kuskure ne, har na ce wa mai masana'antar ɗinkin ya mai da su shuɗɗa mu huta. Allah ya sa mutumin taurin kai gare shi, ya ce ba zai taɓa almakashi ba sai ya gani a rubuce.

Dole na tambaye ta. Ta aiko dogon saƙo, waya ta juya mini shi zuwa Faransanci. Ashe ba duk Amurkawa ne suka so rabuwa da sarki ba. Masu korayen riguna 'yan ƙasa ne, can aka haife su, can gonakinsu suke. Wasu son sarkin suke, wasu tsoron abin da zai biyo baya kawai suke ji. A gida ɗaya sai ka ga wa yana nan, ƙane yana can. Da aka ci su da yaƙi aka ƙwace gidajen da yawa daga cikinsu, jiragen ruwa suka kwashe su. Ta ƙara da cewa har yau da ƙyar ake samun masu yarda su sa koren a wasan.

A tsaye na fara karantawa, kafin in gama na nemi wurin zama.

Ni mutumin Maradi ne. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a gida suka sallami Faransawa, yayana, wanda muke ofis ɗaya da shi a nan, ya je ganin gida. Murna yake kamar an yi masa haihuwa. Ni ma ba ƙaunar Faransa nake ba, na sha wulaƙancinsu a layin biza har na ƙoshi. Amma iyaka ta rufe, kayan mutane suka maƙale a hanya, maganin hawan jinin mahaifiyarmu ya yi wuyar samu. Cikin fushi na aika wa Yaya saƙon murya na minti biyu. Na ce a bi a hankali mana, Inna ba tuta za ta haɗiya ba. Kafin sati muryata ta zagaye unguwarmu, aka raɗa mini ɗan Faransa. Ƙanwarmu ta ce wasu maƙwabta sun daina amsa gaisuwarta.

Na gaya wa kaina wani ne ya ɗauki wayar Yaya ya yaɗa saƙon. Da ya dawo ban tambaye shi ba, shi ma bai ɗauko zancen ba. Muka koma gaisuwa da maganar kaya. Ni dai damuwata ɗaya: Inna ta tsufa, shekara uku ban gan ta ba, kuma na riga na yanki tikitin zuwa gida Sallah.

Ranar da rigunan suka iso ana wani zafi mai ɗanko, fanka na juya iska mai ɗumi. Yaya ya zo taya ni zuba su a kwali. Ya ɗaga koriya ɗaya, ya juya ta.

"Waɗanga hwa, na su wa?"

"Na 'yan gida ne, Yaya. Waɗanda ba su bi sahu ba."

"Sun koma garuruwansu daga baya?"

"Da yawa ba su koma ba."

Ya ninke rigar da kyau, ya fi yadda nake ninkewa, ya daɗe yana jan salatif a bakin kwalin.

"Ni na tura muryar taka," in ji shi. "Babu wanda ya taɓa wayata. So na yi su ji ba bakinmu ɗaya ba, kar a haɗa ni da kai."

Na jira fushi ya taso, bai taso ba. Gajiya kawai na ji, tun daga wuya har tafin ƙafa.

"To Sallah hwa?"

Bai kalle ni ba. "Ka mai da tikitin. Bana dai kar ka je. Ni in gaya wa Inna aiki ne ya riƙe ka."

Na ce to, na miƙa masa kwali na gaba.