Sitaci da Man Gyaɗa a Gwiwar Madam

Ni da makaranta mun rabu tun kafin mu saba, amma na taɓa zama mataimakin masanin kimiyya a Kafanchan. Wanda zai yi dariya ya yi.

Masanin maƙwabcina ne, mutumin Gabas, tsohon mai gyaran lantarki a reluwe. Lokacin jirgi ya fara ƙaurace wa tasha, matarsa kuma, da muke kira Madam, ɓarin jikinta ya shanye. Da ta miƙe sai gwiwar hagu ta lanƙwashe. Burinta ɗaya, ta taka zuwa majami'a da ƙafarta.

Wata rana da rani ya kira ni. Ya dama garin sitaci da man gyaɗa, ya ɗebo a cokali yana tsiyayarwa. Sai a goga matajin roba a gashi, in ji shi. Ni sanƙo, shi sanƙo. Madam ta miƙo kai tana cewa, "Tsofaffin banza, ko gashi sai an ba ku aro."

Ya goga, ya kawo matajin kusa da cokali. Abin da ke zuba ya tsaya, ya yi kauri kamar tuwo. Ya janye, ya sake kwarara.

"Ka gani, Baba? Wutar lantarkin da gugar ta tara a matajin ce ke sa shi tauri. In na cika robar tayar keke da shi na ɗaura mata, ta danna makunni, gwiwa ta tsaya."

Na ce, "Oga, in ta ji yunwa a hanya kuma ga guzuri."

Ya ɗaura, ya haɗa da batirin babur. Ko gezau. Ya ce ƙarfin batir bai kai ba, irin wutar da ake so kuwa ba ya kusantar da ita jikin matarsa. Ya yi ta sauya garin da yake damawa, zannuwanta duk suka yi maiƙo. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, matajin ma ya daina aiki.

Wata ranar Lahadi Madam ta ce masa, "Kwance min wannan abu. Kawo kafaɗarka, Baba ya kawo tasa."

Muka fita. A layin dogo ƙarfinta ya ƙare, ta zauna a kan ƙarfen, tunda ba jirgin da zai tashe ta. Daga nan ana jin waƙar yabo sama-sama. Ta bi su da rabin bakinta, shi yana tsaye ya juya mana baya.

Iyakar inda ƙafarta ta kai ta ke nan. Kafin a yi girbi, mu ne muka ƙarasa da ita majami'ar a kafaɗa, cikin akwatin gawa.