Kujerar Baba Mai Kalangu

Ko zan manta da komai a shekarun da na yi ina yawon kiɗin jita, ba zan manta da ranar da na fara fita da sabuwar na'urata bikin Mawashi ba. Har yau in na tuna sai in yi dariya, in dariyar ta ƙare kuma jikina ya yi sanyi.

A lokacin mu uku ne ke yawo tare: ni da jita, abokina mawaƙi, sai wani dattijo mai kalangu da muke kira Baba. Daga Kankia muke tashi, yau muna Kusada, gobe Yashe, duk inda ake biki aka kira mu. Ta huɗunmu kuwa ita ce amfilifayata, wani ƙaton baƙin akwati mai lasifika a ciki, nauyinsa kamar buhun gero. 'Yan kabu-kabu suna hango ni da ita sai kowa ya tuna yana da fasinja a wani wuri. Baba kaɗai ke ƙaunarta, don ya mayar da ita kujera. Da mun sauka zai haye kanta ya rataya kalangu, mu kuwa mu yi ta tsokanarsa wai sarki ya hau karaga.

Wata rana na je Kano sayen tsirkiya, mai shagon ya nuna mani wata na'ura da ba ta fi tiren shayi girma ba. An zuba mata muryoyin amfilifaya iri-iri. Ka taka maɓalli da ƙafa ta kwaikwayi wannan, ka sake takawa ta koma waccan. Ba ruwanta da akwati, waya kawai za ka ja zuwa manyan lasifikokin wurin biki. Kai, ai nan take na ji bayana ya fara gode mani! Na dawo gida na sayar da ragon da nake kiwo, na koma na ɗauko ta. Tsohuwar amfilifayar kuwa na kai ta ɗakin Inna, kafin in juya har ta shimfiɗa mata ƙyalle ta jera kwanukanta a kai.

Na yi kwanaki a ɗaki ina taka maɓallai ni kaɗai, ina jin kaina wani mugun gwani. Gwaji da abokan aiki kuwa ban ma kawo shi a rai ba. Mu da muka shekara da shekaru tare, wane gwaji kuma?

Ranar bikin na sauka a Mawashi da jita a baya da 'yar jaka a hannu. Uwar biki, wata hajiya mai faɗa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, ina kayan naka? Ni mai ƙaton akwatin nan na ce a kira mani, ba ɗan makaranta ba." Na ce, "Hajiya, akwati ashirin ne cikin jakar nan." Ta taɓe baki ta wuce. Baba kuma ya yi ta dube-dube, can ya ce, "Ɗan nan, ina kujerata?" Na jawo mashi kujerar roba na ce, "Baba, an yi maka ƙarin girma, yau har da wurin jingina." Kowa ya yi dariya ban da shi.

Mai kayan sauti ya kafa lasifikokinsa can gaba suna fuskantar mata, janareta ya tashi, na taɓa tsirkiya. Wallahi sautin ya fita tar. Mawaƙi ya kama, mata suka fito fili. Ba a jima ba na ji kalangu ya fara bin wata hanya daban. Ina gabas, Baba yana yamma. Mata suka rasa wanda za su bi, ƙafa ɗaya tana bin jita, ɗaya tana bin kalangu. Na ɗauka na'urar ce, na shiga taka maɓallai ba ji ba gani, sai na faɗa kan wata murya mai gurnani irin na injin niƙa. Awakin da ke bakin danga suka ruga a guje, wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati. Hajiya kuwa daga nesa take nuna ni da yatsa.

Kiran sallar la'asar ne ya cece mu. Bayan mun idar mawaƙi ya ja ni gefe ya ce, "Bar wahalar da ƙafarka, ba na'urarka ba ce. Baba ne, tsufa ya zo. In mun gama wannan bikin sai mu sallame shi mu nemi wani." Da kalangun nan Baba yake ci da gidansa, kuma shi ya fara riƙe hannuna ya shigar da ni filin biki.

Na iske Baba zaune ƙarƙashin bishiyar bedi ya ba ni baya. Na kira shi, shiru. Na ƙara ɗaga murya, shiru. Sai da na zagayo gabansa ya ɗago, ya kafa wa bakina ido. Ya ce, "Ɗan nan, ka rufa mani asiri. Kunnuwan nan sun daɗe da tafiya, magana ma sai na kalli baki. Jitarka ba da kunne nake jin ta ba. Ta akwatin nan take hawowa cinyoyina, in bi ta. Yau ka ɗora ni kan roba, roba kuwa ba ta faɗa mani komai."

Tausayinsa ya cika ni. Shekara da shekaru muna yi mashi dariyar karaga, ashe bawan Allah sauraro yake yi.

Na tashi na sami mai kayan sauti, na ɗaure fuska irin ta masana na ce, "Na gano matsalar. Wannan na'urar sai an kwantar da lasifika ɗaya kusa da ita, an danne da abu mai nauyi." Ya ce, "Nauyi kamar na me?" Na ce, "Kamar dai na Baba." Ya yi ta gunaguni wai za a fasa mashi kaya, amma ya kwantar. Baba ya haye, na taɓa tsirkiya, na ga kafaɗunsa sun motsa. Ai kuwa kalangu ya dawo gida! Ƙura ta tashi, mata suka yi ta guɗa, har tsohuwar da ta yi salati ta shigo fili. Hajiya ta zo tana yi wa Baba liƙi tana cewa, "Yawwa! Ai na faɗa maku, kiɗi sai da akwati."

Washegari na shiga ɗakin Inna na fara sauke kwanuka. Ta ce, "Kai dai ba ka iya kyauta ba." Daga ranar na'urar ke ba da sauti, ni kuma in ja wata waya zuwa tsohuwar amfilifaya don Baba ya zauna. Na zama abin tsokana a tashar Kankia, wai ga wanda ya sayar da rago don ya rage kaya, ya dawo da kaya biyu. Mawaƙi ma ya sha ce mani an cuce ni a Kano. Na bar su a haka, ban faɗa wa kowa ba sai bayan da Allah Ya yi wa Baba rasuwa.

Yanzu akwatin ya koma ɗakin Inna, ni kuma ina yawo da 'yar jakata yadda na yi ta buri, sai dai duk filin da na shiga idona sai ya nemi inda Baba zai zauna. Abin da ranar ta koya mani shi ne, kafin ka jefar da tsohon abu don ya yi maka nauyi, ka duba da kyau ko akwai wanda ke zaune a kansa bai iya faɗa maka dalili ba.