Sunan da Ba Na Faɗi

A Vénissieux ta ƙasar Faransa na haifi ɗana na fari, lokacin maigidana yana karatu a Bron. A Damagaram inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ce, kuma da ita na hau jirgi.

A asibitin awon jarirai akwai wata malamar jinya, doguwar Baturiya mai ɗaurarriyar fuska. Tun ganin farko na ce wannan ba ta da imani. Ta tambaye ni sunan yaron, na dubi ƙasa, maigida ya amsa. Da ta gama awo ta miƙo mini shi, na karɓa kamar ɗan maƙwabta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce za ta zo gida ta gan mu.

Na kira goggona mai sayar da atamfa a unguwar Goutte d'Or ta Paris. Ko gaisuwa ba mu gama ba na ba ta labari, ta ce, "Ke 'yar nan, irinsu ne ke ƙwace yara. In sun ga uwa ba ta son ɗanta, shi ke nan." Goggo ba ta taɓa ganin matar ba, amma daga Paris ta yanke mata hukunci, ni kuma na hau na zauna. Tsoro ya hana ni cin abinci.

Ran da za ta zo, na goge gidan har inda babu datti. Sai yaron ya ɓarke da kuka, na manta da wata baƙuwa. Na goya shi ina jijjigawa, ina yi masa kirari, ina ce masa babana. Ina juyowa na gan ta tsaye, ashe maigida ya buɗe mata ban ji ba.

Na ji kamar in nutse. Ita kuwa ta zauna ta sauke ajiyar zuciya. Maigida ya fassara mini maganarta: ta ɗauka ciwon damuwar bayan haihuwa ke cina. Ita ma ta yi shi a kan ɗanta, ba wanda ya lura. Ni ta zo dubawa, ba yaron ta zo ɗauka ba.

Wani sanyi ya ratsa ni. Da maigida ya bayyana mata al'adarmu ta yi dariya. Ashe tana da haƙora.

Ta ce, "To Madam, ko sau ɗaya, ya sunansa?"

Na ƙara ɗaure goyona, na ce ta tambayi babansa. Yau yaron ya fi ni tsawo, yana nan a gabana, kuma har yanzu ban faɗa ba.