Beryl da Layin Mako Arba'in

Duk wanda ya taso a garinmu, can yamma da Horsham, ya san Beryl Tregonning. Shekara talatin da ɗaya ta yi a tsaye gaban tebur a rumfunan askin tumaki, ana watso mata ulu tana murza shi da yatsa biyu, ta ce wannan na ɗaya ne, wannan na biyu, wancan a jefa shi kusurwa. Ba ta duba abu sau biyu. Yanzu shekararta saba'in da huɗu, ita kaɗai a gidan katako mai rufin kwano, itatuwan turare sun kewaye shi. In kana neman ganin ɓacin ranta, to ka ce mata gidan ya yi mata girma.

Da gwiwoyin mijinta Keith suka ƙi, sai ya sayar wa ƙaninsa Noel gonar da tumakin, ya riƙe gidan kawai. Kuɗin ya zuba su a wani asusun hannun jari, irin mai tattara jarin bankuna da kamfanonin haƙar ma'adinai, mai raba riba sau biyu a shekara. Da wannan rabon suke ci suke sha. Sai dai Keith mutum ne da ba ya yarda da abin da bai auna da hannunsa ba. Kowace Asabar da safe zai buɗe jarida, ya ɗiga farashin makon da jan biro a wata takarda mai gida-gida da ya manna a jikin firij. Sannan ya haɗa farashin mako arba'in da suka wuce, ya raba arba'in, ya ɗiga abin da ya fito da shuɗi. Mako na zagayowa ya yar da mafi tsufa, ya sa sabo. Jan layin sai rawar kai, yau sama gobe ƙasa. Shuɗin kuwa tafiyarsa yake yi a hankali, ko kasuwa za ta tsage ba ya waiwaye.

Kwana uku kafin ya rasu ya riƙe hannunta ya ce, "Beryl, shuɗin za ki duba, ki rabu da surutun rediyo. Amma ran da ja ya faɗa ƙarƙashinsa ya yi mako huɗu bai taso ba, ki sayar, ki koma wajen ɗanmu Graeme a Geelong. Kada ki tsaya gardama."

Ta ce to. Me kuwa za a ce wa mutumin da yake kan gargara?

Shekara uku ke nan tana riƙe da biron biyu. Abin da ba wanda ya zata shi ne yadda shuɗin layin ya shiga ranta. In ta gama ɗigawa sai ta ɗauki shayinta ta fita baranda, ta zuba wa duwatsun can nesa ido, su ma shuɗi-shuɗi, har ta rasa inda suka tsaya. Sai ta ga kamar layin ne ya sulale daga kicin ya je ya kwanta a gefen sama. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗebe ta da hantsi, ta gan ta tana tafiya a kansa ba takalmi, ciyawa na kaɗawa hagu da dama, kowane mako da turkensa a kafe, Keith yana can gaba da malafarsa. Ba ta taɓa cim masa ba, kuma abin bai dame ta ba, tunda hanya ɗaya suke bi. Har shayin ya huce ba ta sani ba.

Sai ga Oktoban bana. Ja ya faɗa ƙasa, ya yi mako ɗaya, biyu, uku, ya ƙi tashi. Graeme ya bugo waya, don shi ma ubansa ya bar masa sallahu.

"Mama, ɗakin baya yana nan, har fenti mun yi masa. In Asabar ta yi bai taso ba, zan ɗauko babbar mota."

"Kaya ka mayar da ni?"

"Haba Mama. Ba fa ni na faɗa ba, Baba ne."

Ta ajiye wayar, ta ji tsoro ya kama ta har cikin ƙashi. Ta san ɗakin. Tagarsa ɗaya, kuma katangar maƙwabci take kallo.

Ran Laraba aka fara aski a rumfar Noel. A nan wajenmu ko mutuwa aka yi ba a hana masu aski shayin ƙarfe tara da rabi, don haka ta gasa ƙananan burodi ta lulluɓe da tsumma ta tafi da su. Tana shiga, warin maiƙon ulu ya tare ta, har sai da ta lumshe ido.

"A'a, Matar Yaya!" in ji Noel, yana share hannu a wando. "An ce birni za ki koma, ki riƙa yawo da ɗan kare a igiya."

"Tafi can, tsohon banza. Kai da ko haƙoran cin burodin ba ka da su."

"Kawo dai, da dasashi ma ana yaƙi. Da gaske ne?"

"Ja ya faɗi, Noel. Saura Asabar ɗaya."

Ya ci gaba da tauna. Shi bai taɓa gane kan takardar yayansa ba, bai kuma ɓoye ba. Don ya kawar da zancen sai ya nuna mata garken da aka gama da shi. "Dube su don Allah. Jiya manya-manya, yau kamar an yi musu fashi a hanya."

Ta duba. Ga su nan farare tas, sirara, suna rawar ɗari a rana. Hannunta kuma, ba tare da ta sa shi ba, ya riga ya nutse cikin ulun da ke kan tebur.

"Noel, tunkiya kilo nawa take raguwa bayan aski?"

"Ke ce yau kike tambayata? Biyar, shida."

"In ka ɗora ta a sikeli yau ka ga ta ragu, sai ka kai ta kasuwa?"

"Hauka nake? Ga ulun can a buhu!"

Ba ta ko ɗauki tsummanta ba, ta nufi gida. Ƙarshen Satumba asusun ya raba riba, rabon da tun da suka shiga ba su ga mai yawansa ba, kuma a makon da ya biyo baya ne ja ya faɗo. To ina zai ƙi faɗowa? Kuɗin an cire su ne daga jikin asusun aka miƙo mata. Keith, sarkin awo, duk shekarun nan tunkiyar yake aunawa, bai taɓa sa ulun a lissafi ba.

Ta ɗauko takardun rabon daga gwangwanin biskit, ta shimfiɗa sabuwar takarda a teburin cin abinci. Kowane rabo ta mayar da shi kan farashi tun daga makon da aka biya shi, ta sake jan layin, ta sake shuɗin tun daga tushe. Wuni biyu ta yi a kai, ta kuma yi wa kanta alkawari in har hakan ma ƙasa ya fito, za ta naɗe kayanta ba musu. Beryl ba ta taɓa sa ulu na biyu a buhun na ɗaya ba, ba kuwa a kanta za ta fara ba.

Ja ya fito a saman shuɗi. Da ƙyar, kaurin tsinken ashana, amma a sama yake. Ta san baɗi yana iya zuwa da wani labarin. Na bana dai ga shi a gabanta.

Asabar da safe ta kira Graeme. "Kada ka ɗauko mota."

"Mama, kin fa yi wa Baba alkawari."

"Na yi. Ubanka bai iya lissafi ba ne. In kana musu ka zo ka duba, ka taho mini da jikokina."

Ta kife wayar, ta juya wajen kujerar Keith da ke gefen murhu, hannu a ƙugu.

"Ka ji ko? Kuskure ka yi, Keith. Shekara goma sha ɗaya kana tafka shi, kana cika baki."

Ta tsaya tana jira. Shekara arba'in da tara suna tare, mutumin nan bai taɓa barin maganarta ta zama ta ƙarshe ba, har ta tanadi amsar da za ta mayar masa in ya fara. Ta jira, ta ƙara jira. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta yi kukan da ko ranar binne shi ba ta yi irinsa ba.