Tururuwar da Na Kamo wa Adda

Ni na kamo tururuwar da hannuna, guda uku, a gindin mangwaron ƙofar gida.

Yayata ce ta haihu, wadda muke kira Adda, a ƙauyenmu can bayan Iware. Na taso daga unguwarmu ta Yelwa a Jalingo da ɗana a goye na je taya ta jego. Jaririyar tana kama nonon dama lafiya lau, amma da an juya ta hagu sai ta saki, ta tsanyara kuka.

Goggo, ƙanwar babanmu, ita ke yi mata wankan jego. Wata safiya baya ya riƙe ta, ta ce in karɓa. Ina gasa wa Adda jiki da ganyen darbejiya sai yatsana ya faɗa kan wani abu a nonon hagun, kusa da hammata. Kamar gurjiya, da tauri, ba ya motsi. Na danna, na ce, "Da zafi?" Ta ce a'a. Lokacin da nake zuwa awo wata nas ta ce mana ƙullutu a nono, wanda ba ya zafi ma, a kawo shi a duba, kada a jira. Ni aji huɗu na tsaya, amma wannan maganar na riƙe ta.

Na sami Goggo tana dama kunun kanwa. Na ce, "Goggo, ko a kai ta asibiti a duba nonon nan?"

Ta ce, "Oho, likitar Yelwa ta iso! Ke da kika haifi ɗaya tal? Je ki kamo min tururuwa."

Haka ake gwada nono a wajenmu. A tatsa a ƙoƙo, a jefa tururuwa. In ta mutu, nonon ya ɓaci, sai a nemi magani. In ta fito, lafiyarsa ƙalau. Muka sunkuya mu huɗu, har da surukar Adda, a kan ƙoƙon. Allah ya yafe mini, addu'a nake yi a zuci su mutu. Duka ukun suka yi iyo zuwa gefe, suka haura, ɗaya ma ta tsaya tana goge ƙafa. Goggo ta rangaɗa guɗa. Adda ta yi dariya, ta ce, "To, kin gani, matsoraciya."

Ban faɗi abin da na taɓa ba. Na ji kunya, ga surukarta zaune. Na ce a raina wataƙila nono ne ya daskare. Aka yi arba'in na koma gida.

Daga nan sai waya. In na tambaya ta ce da sauƙi. Aka shiga shuka, aka shiga yankan shinkafa, ba mai barin gona. Kullum in ina shayar da nawa sai in shafa jikina, in ji tsoro, in ajiye.

Ranar da mijinta ya kawo ta ɗakina a Yelwa, tun daga ƙofa na ji warin. Ta naɗe ƙirjinta da tsohon zane. Fatar wurin ta yi gurbi-gurbi kamar ɓawon lemo, ta fashe. Likita ya duba, ya ce sankarar mama ce, ta riga ta kai ƙashi. Ya tambaya tun yaushe. Adda ta ce ba ta sani ba. Ni na sani. Na kalli takalmina.

Wata biyu ta yi a wurina. Yarinyar ni na ci gaba da shayar da ita, su biyu da nawa. Wata la'asar ina tsefe mata kai, don ta ce ba ta so a same ta da tsohon kitso, sai maganar ta kuɓuce mini. Na ce, "Adda, tun ranar wankan nan na taɓa shi. Ban faɗa ba."

Can ta ce, "Ni ma na taɓa shi. Tun ina da ciki."

Na ce, "Don me ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Wa zan buɗe wa? Ke dai tsefe a hankali, kina ja min gashi."

Ta rasu ran Talata, bayan azahar. Har yau ban san ko gaskiya ta faɗa mini ba, ko kuwa so ta yi ta rage mini nauyi kafin ta tafi. Haka take tun muna yara, in na fasa kwano sai ta ce ita ce.